Rabon Ƙwaƙwalwa a Daƙiƙar Farko: Daga EDSAC Zuwa Wayoyin Talata Mafara

Wanda ya sayi waya a kasuwar Talata Mafara, an rubuta RAM giga 4 a jikin kwali, in ya sa manhajar da ke leƙa cikin waya zai tarar abin da na'urar ke juyawa bai kai haka ba. Wani ya zargi mai shago, wani ya zargi kamfani. Akwai jabun kaya, ba a musu. Amma ko a waya ta ƙwarai giɓin nan yana nan, kuma an yanke shi ne tun tambarin Tecno ko itel bai gushe daga fuskar wayar ba. A ɗan tsakanin nan ne kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, yake binciken yawan ƙwaƙwalwar da ke akwai, da inda take, da ɓangaren da ba a taɓawa. Ƙullin aikin shi ne mai rabo yana buƙatar wurin ajiye kundin rabonsa, alhali ba a fara rabon ba tukuna. Shekara sama da 70 ke nan masana ke warware ƙullin nan, kowane zamani da dabararsa.

A ranar 6 ga Mayu, 1949, kwamfutar EDSAC ta Jami'ar Kambirij a Ingila ta gudanar da shirinta na farko a ƙarƙashin jagorancin Maurice Wilkes. Ƙwaƙwalwarta bututu ne cike da zaiba, kuma a farko kalma 512 kawai take ɗauka. In an kunna ta, babu komai a ciki, ko umarnin da zai ce ta karanta takardar shiri mai huda-huda. David Wheeler, ɗalibi a lokacin, shi ya rubuta umarni 31 aka ɗaure su a jikin makunnai irin na ofishin tarho. Da an danna maɓalli sai a kwafe su zuwa gurabe 31 na farko, su kuma su karanto shirin su jera shi a gaba. Wannan na cikin rabon farko-farko a tarihi, kuma mutum ne ya yi shi da fensir: nan na masu buɗe ƙofa ne, sauran na mai shiri.

Haka aka tafi cikin shekarun 1950. An samu ƙwaƙwalwar zobban maganaɗisu a kwamfutar Whirlwind a 1953, sannan a 1956 kamfanonin General Motors da North American Aviation suka haɗa wata manhaja mai kula da jerin ayyuka a kan IBM 704. Ita tana zaune a gefe guda, aikin da ake gudanarwa ya ɗauki saura. Iyaka ɗaya ce tak, ba a buƙatar kundi.

Atlas ce ta canza lissafi. Wannan kwamfuta ta Jami'ar Manchesta da kamfanin Ferranti, wadda Tom Kilburn ya jagoranta, ta fara aiki a Disambar 1962. Ta yanka ƙwaƙwalwa shafi-shafi, kowane shafi kalma 512, tana kai wasu shafukan kan gangar maganaɗisu tana dawo da su ba tare da mai shiri ya sani ba. Amfanin yana da girma, domin shiri na iya fin ƙwaƙwalwar gaskiya girma. Sai dai daga ranar dole a riƙe bayanin kowane shafi: na wane ne, yana ciki ko yana waje. Bayanin nan kuma wuri yake ci. A 1963 Harry Markowitz, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, ya fito da wata dabara da Kenneth Knowlton ya wallafa bayaninta a 1965: a riƙa raba fili biyu-biyu har a kai girman da ake so, in an dawo da rabi kuma ɗan'uwansa ba kowa a ciki, a sake haɗe su. Ita ce ake kira buddy, mu ce tsarin tagwaye. Har yau ita ke raba shafuka a cikin Linux. Amma tana da sharaɗi, ba ta fara aiki sai an riga an shimfiɗa mata teburanta.

A ganina babu inda ake ganin matsalar tashi ƙarara kamar a bugu na shida na babbar manhajar Unix, wanda ɗakin bincike na Bell ya fitar a 1975. Ken Thompson ya fara Unix a 1969, shi da Dennis Ritchie suka sake rubuta kanel ɗin da harshen C a 1973, a kan kwamfutar PDP-11. Kanel ɗin bai tambayi kowa yawan ƙwaƙwalwa ba. Daga inda jikinsa ya ƙare yake farawa, ya taɓa gutsure mai bayit 64. In gutsuren ya amsa, ya share shi, ya ƙara ɗaya a ƙidaya, ya miƙa shi ga kundin da ake kira coremap, ya matsa gaba. Haka zai yi ta yi har ya taɓa adireshin da babu komai a bayansa, na'ura ta yi ƙorafi, sai ya san ya kai gaɓa. Gani ya kori ji.

Shi coremap ɗin abin lura ne. Jeri ne mai gurabe 100 da aka gina a jikin kanel tun lokacin haɗa shi, saboda haka ba ya jiran wani ya ba shi wuri. Kowane gurbi lamba biyu ne: inda fili ya fara, da faɗinsa. In aka dawo da gutsure mai maƙwabtaka da wani, sai a haɗe su su zama layi ɗaya. Dubban gutsattsarin da aka ƙirga lokacin tashi duk a layi guda suke ƙarewa. A riƙe wannan, domin za a yi shekara 35 ana kewaye kafin a komo gare shi.

Mun san cikin wannan kanel dalla-dalla ne saboda John Lions, malami a Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, wanda a 1976 da 1977 ya buga wa ɗalibansa rubutun kanel ɗin, layi ƙasa da 10,000, tare da sharhi. Lasin bugu na bakwai a 1979 ya hana koyar da rubutun a aji, sai littafin ya koma yawo hannu da hannu ta hanyar fotokofi, ba a buga shi a fili ba sai 1996. Ana cewa babu littafin kwamfuta da aka kwafa kamarsa. Wannan zancen baka ne, babu wanda ya ƙirga. Hanin da bugun 1996 su ne ke rubuce.

Ranar 12 ga Agusta, 1981, IBM ta fito da kwamfutar tebur da ta zama uwar waɗanda ke ofisoshinmu. Furosesanta, Intel 8088, layukan adireshi 20 gare shi, iyakar ganinsa megabayit 1. Injiniyoyin IBM suka ba shirye-shirye kilobayit 640 na ƙasa, suka keɓe 384 na sama don allo da katunan ƙari da BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke liƙe a jikin allon na'ura. Ana yawan cewa Bill Gates ya taɓa faɗin kilobayit 640 ya ishi kowa. Ya musanta, kuma ba a samu takarda ko faifan lokacin da ya tabbatar da maganar ba. Abin da ke tabbace shi ne iyakar daga zanen IBM ta fito, kuma ta bar rami a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Da aka zo PC/AT a 1984, furosesa ya iya ganin megabayit 16, amma tsoffin shirye-shirye sun saba da adireshi ya kewayo sifili in ya wuce megabayit 1. Don kada su lalace, IBM ta sa ƙofa a layin adireshi na 21, mai suna A20, ta ɗora makullin a kan guntun da ke kula da madannai. Shekaru da dama bayan haka, kanel bai isa ya ga ƙwaƙwalwarsa daidai ba sai ya fara roƙon mai kula da madannai ya buɗe masa.

A irin wannan na'ura lalube irin na Unix ya zama haɗari. Adireshin da ya amsa ba lallai ƙwaƙwalwa ce ba, yana iya zama katin allo ko wani abu da taɓa shi zai daskarar da na'ura. Sai aka koma ga ji: a tambayi BIOS. Tambayar farko lamba ɗaya take dawowa da ita, kuma ba ta wuce megabayit 64. Masu Linux na tsakiyar shekarun 1990 da suka sa RAM fiye da haka sai sun rubuta yawansa da hannu a layin tashi. A wannan tsakanin ne aka fito da tambayar E820, wadda ƙa'idar ACPI ta 1996 ta runguma. Ita taswira take bayarwa: daga nan zuwa nan naka ne, daga nan zuwa can an keɓe, wannan kuma aro ne za ka iya karɓa daga baya. UEFI da ta gaji BIOS bayan 2005 ta ci gaba da wannan tsari.

Mutumin Bakura ko Maradun ba ya buƙatar dogon bayani kan nauyin taswira. Da aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit ya sare itatuwa ya baje gonaki don shimfiɗa magudanan ruwa, alamomin da manoma suka gada na iyaka suka ɓace. Da aka zo mayar wa kowa gonarsa da biyan diyya, takardun hukuma ba su yi daidai da abin da mutane suka sani ba, rikicin ya kai ga rasa rayuka a Afrilun 1980. Ran mutum ba abin awo da na'ura ba ne. Abin da nake ɗauka daga nan guda ne: in an baje fili kafin a rubuta haƙƙin masu shi, ko aka rubuta ba daidai ba, duk rabon da zai biyo baya a kan kuskure yake. Kanel ma in BIOS ya ce masa wuri babu kowa alhali akwai, zai ba wani shiri wurin, bayanai su lalace, kuma ɓarnar ba za ta fito ba sai can gaba, inda babu mai danganta ta da daƙiƙar farko.

A ranar 25 ga Agusta, 1991, Linus Torvalds, ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki, ya sanar da cewa yana rubuta kanel, wanda ya zama Linux, don kwamfutarsa mai Intel 386 da RAM megabayit 4. Bugun 0.11 na Disambar shekarar bai wahalar da kansa ba. Ya karɓi lambar BIOS, in ta wuce megabayit 16 ya yanke ta a 16. In ƙwaƙwalwa ta haura 12, ma'ajin faifai ya tsaya a iyakar megabayit 4. In ta haura 6, ya tsaya a 2. In ba haka ba, a 1. Sauran shafuka kuwa kowanne bayit ɗaya gare shi a wani jeri da aka gina a jikin kanel.

Da Linux ya girma, aka shigo da tsarin tagwaye a tsakiyar shekarun 1990, daga baya kuma aka ɗora masa tsarin slab da Jeff Bonwick ya ƙirƙiro a kamfanin Sun a 1994 don ƙananan buƙatu. Yanzu akwai teburori masu girma da dole a samar kafin waɗannan su tashi. Dabarar da aka bi har bugun 2.2 na 1999 ita ce miƙa lamba hannu da hannu. Ana riƙe da adireshin farkon filin da ba kowa. A kira mai shirya shafuka a ba shi lambar, ya ɗebi abin da yake so, ya dawo da sabuwar lamba. A kira mai shirya allo, shi ma haka. Babu kundi ko kaɗan. Tana da sauƙi, amma ta ɗauka ƙwaƙwalwa a shimfiɗe take babu rami, kuma abin da aka ɗiba ba ya dawowa.

Ingo Molnar ne ya kawo wani mai rabo mai suna bootmem a 1999, a jerin bugun gwaji na 2.3, ya shiga hannun jama'a da bugun 2.4 a Janairun 2001. Kowane shafi mai kilobayit 4 an ba shi bit ɗaya: 1 an ɗauka, 0 babu kowa. Da fari a ɗauka duk an kama, sai a bi taswirar BIOS a saki wuraren da ta halatta, sannan a sake kama jikin kanel da abin da ya zo da shi. Mai neman wuri a bi masa bit-bit har a samu sifilai a jere da suka ishe shi. Ramuka sun daina zama matsala, kuma ana iya mayar da abin da aka ara. Ci gaba ne na gaske.

Aibinsa a cikin lissafi yake. RAM giga 4 shafi 1,048,576 ne, kundinsa kilobayit 128. Giga 32 na cin megabayit 1. Tera 1 na cin megabayit 32, kuma bin sa bit-bit na cin lokaci. Ga kuma tsohon ƙulli ya dawo: ina za a ajiye kundin kansa? Sai kowane irin furosesa ya rubuta nasa ɗan ƙaramin mai rabo wanda zai nemo wa bootmem wurin zama. Manyan kwamfutoci masu rukunin ƙwaƙwalwa daban-daban kuma kowane rukuni da nasa kundi. Johannes Weiner ya sake rubuta shi a 2008, ya tsabtace shi, amma tushen bai canza ba.

Maganin yana gefe tun 2001, shekarar da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya. A Yunin shekarar Peter Bergner na IBM ya rubuta wa manyan na'urorin PowerPC wani abu mai suna LMB. Jeri biyu ne: na farko ya lissafa yankunan ƙwaƙwalwar da ke akwai, na biyu yankunan da aka kama, kowane yanki da farkonsa da faɗinsa. Filin da ba kowa shi ne abin da ke na farko ba ya na biyu. Ba ina cewa Bergner ya kwafo coremap ba ne, ina cewa hankali ɗaya ne: girman kundi ya bi yawan yankuna, kada ya bi faɗin fili. Na'ura mai giga 1 da mai tera 10 duk layuka kaɗan ke bayyana su. Jerin kuma an gina shi a jikin kanel, gurabe 128 kowanne a bugunnan baya, in ya cika ya nema wa kansa wuri ninki biyu ya ƙaura. An kai shi ga furosesan SPARC a 2008. A 2010 aka canza masa suna zuwa memblock, Benjamin Herrenschmidt da Yinghai Lu suka yi aikin da ya kai shi ga kwamfutocin Intel, Russell King ya kai shi ga furosesan ARM.

Ta ƙofar ARM ɗin nan ne tarihin ya iso aljihun mutanen Mafara. Wayar Android ta farko, HTC Dream ta Oktoban 2008, RAM megabayit 192 gare ta, kuma kanel ɗin Linux ne a ƙarƙashinta, kamar yadda yake a ƙarƙashin kowace Tecno da Infinix da itel mai Android, da yawancin na'urorin POS masu allon taɓawa. Waya ba ta da BIOS. In an danna maɓalli, wani ɗan shiri da ke cikin guntun furosesa ne ke tashi, yana aiki da 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin guntun, domin RAM bai farka ba. A wayoyi masu guntun MediaTek shi ke ɗauko preloader, wanda ke ɗauke da saitin irin RAM ɗin da aka liƙa wa wayar, ya tashe shi. Masu gyaran waya sun san wannan da hannunsu: in aka yi wa waya filashin da preloader na wata, ko haske ba za ta kawo ba. Daga nan mataki na gaba ya ɗora kanel, ya miƙa masa wani bayani mai rassa da ke lissafa kayan cikin wayar. Tsarin bayanin ya samo asali ne daga ƙa'idar Open Firmware ta 1994, kuma ARM ta koma kansa gadan-gadan bayan Torvalds ya nuna ɓacin ransa a 2011 kan yadda kowane kamfani ke cusa bayanin allonsa cikin kanel.

A cikin bayanin nan akwai sashen ƙwaƙwalwa, akwai na wuraren da aka keɓe. Modem ɗin da ke magana da turken MTN ko Airtel yana da nasa shiri da nasa fili. Sashen tsaro mai riƙe da zanen yatsa da makullan sirri yana da nasa, wanda kanel kansa ba ya leƙawa. Allo yana da nasa. Memblock ya rubuta su duka a jeri na biyu. Sannan ga teburin shafuka, bayit 64 ga kowane shafi, wato megabayit 64 a waya mai giga 4. Tara waɗannan, ka ga inda giɓin ya tafi. Kyamara ta fi kowa ci, domin tana son fili dogo a haɗe, wanda wuya a same shi bayan waya ta jima a kunne. Da can killace mata shi ake yi, ko ana ɗaukar hoto ko ba a yi. A 2012, a bugun 3.5, Marek Szyprowski da Michal Nazarewicz suka shigar da CMA, aikin da aka fara a Samsung: a keɓe filin tun a tashi, a ba sauran shirye-shirye aronsa, in kyamara ta buɗe a kwashe su a mayar mata. Ga mai waya mai giga 1 ko 2, irin waɗanda ake ɗora wa Android Go da Google ta fitar a 2017, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

In an gama duk wannan, memblock ya bi abin da ya rage ya miƙa wa tsarin tagwaye, a dunƙule har megabayit 4 a tashi ɗaya inda fili ya ba da dama. Kanel ya saki har sassan jikinsa da ba su da amfani sai lokacin tashi. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke da Linux a laftof ɗinsa zai iya ganin zancen nan da idonsa: ya rubuta dmesg, layukan farko-farko taswirar E820 ce, can ƙasa kuma ga layin da ke faɗin nawa aka samu, nawa aka keɓe. Ina ganin awa guda a gaban waɗannan layuka ya fi mako ana haddace ma'anar RAM daga allo.

Shekara takwas bootmem da memblock suka yi tare, da wata gada a tsakaninsu da ke karɓar kira da sunan tsohon tana aikawa ga sabon. A 2015 Mel Gorman ya rage wa manyan na'urori jiran tashi, inda ake shirya shafukan da ake buƙata yanzu kawai, sauran a bar wa furosesoshi su raba aikin bayan sun farka. Mike Rapoport ya bi ragowar nau'o'in furosesa ɗaya bayan ɗaya a 2018 yana sauya su, bugun 4.20 na Disambar shekarar ya fito babu bootmem.

Abin da ba a iya gyarawa da lissafi ba shi ne taswirar da ba ta faɗi gaskiya. An jima da gano cewa wasu BIOS na rubutu a ƙasan ƙwaƙwalwa bayan sun ce sun sake ta, musamman in laftof ta yi barci ta farka. Linux ya fara da ƙaurace wa kilobayit 64 na farko. Aka kuma gano sashen hoto na furosesan Intel Sandy Bridge na 2011 yana da matsala da wasu shafuka, aka sa su cikin keɓaɓɓu. Rahotanni ba su tsaya ba. A Yunin 2021, a bugun 5.13, Rapoport ya shigar da gyaran da ya rufe maganar a kwamfutocin Intel da AMD: bayan kanel ya ɗauki ɗan wurin da yake buƙata don tayar da sauran furosesoshi, megabayit na farko gaba ɗaya an keɓe shi, ba a ba kowane shiri ko bayit ɗaya daga ciki. Wannan megabayit shi ne duk abin da kwamfutar IBM ta 1981 ke iya gani.